Wanda nono da waken suya ba sa karɓar sa, me zai sha?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka taɓo zancen mutanen da nonon shanu ba ya karɓar su, a shafin lafiya ne ko a gidan rediyo, shawarar ɗaya ce: a koma wa waken suya, a yi madara da shi, a yi yogot da shi. Ga yawancin jama'a shawarar ba ta da aibu. Sai dai akwai waɗanda shi kansa waken suyan ba ya karɓar su, su kuwa ba a cika tunawa da su ba. Jikana, wanda nake kira Maigidana, yana cikinsu. Ni malama ce da na koyar da girki da kula da gida a makarantar 'yanmata har na yi ritaya, yanzu kuma ina ɗan yin kunun aya da zoɓo ana kai wa shaguna a nan Zariya. Da bakin kaka nake magana, da kuma bakin mai sana'a.

Mutane suna haɗa larura biyu da ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce ta wanda in ya sha madara cikinsa zai kumbura, ya yi ta ƙugi, wani lokaci har da gudawa. Wannan sukarin cikin madara ne, laktos, hanjinsa ya kasa narkarwa, kuma ba baƙon abu ba ne, domin kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke, kowa da gwargwadon nasa. Fulani makiyaya na cikin waɗanda Allah ya hore wa shan ɗanyar madara har tsufa. Mai irin wannan larura sau da yawa yana shan kindirmo lafiya lau, saboda ƙwayoyin da ke tsamar da nono sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, kuma suna taya hanji narkar da saura. Shi ba sai ya rabu da fura da nono ba, ya dai san iyakarsa. Ta biyu ita ce borin jini. A nan ba ruwan sukari, furotin ɗin madarar ne jiki ke ɗauka a matsayin abokin gaba. A tafasa, a tsamar, yana nan daram. Cokali ɗaya ya isa ya fito wa yaro da ƙuraje ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, ya yi ta amai, wani ma numfashinsa ya sarƙe sai an kwasa zuwa asibiti.

Irin wannan yaron ne ake cewa a ba shi waken suya. To, a 2008 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana cewa cikin jarirai 100 masu borin madarar shanu, 10 zuwa 14 suna yin bori da waken suya ma. Maigidana ya faɗo cikin wannan kaso. Akwai kuma manya masu shan maganin maƙoƙo na kullum, waɗanda likita ke cewa su ba da tazara tsakanin maganin da abincin waken suya, domin yana rage yadda jiki ke zuƙar maganin. Ga kuma masu ƙin ƙarninsa kawai, su ma ba a tilasta musu ba.

Kada a ɗauka ina gaba da waken suya. A ƙuruciyarmu ba mu san awara ba. Tun daga wajejen ƙarshen shekarun 1980, da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da abokan aikinta suka duƙufa koya wa mata sarrafa shi, ya shiga gidajenmu ya zauna, ya kuma rufa wa talaka asiri a lokacin da nama ya gagara. Yau yana cikin awara, yana cikin garin kunun yara, yana cikin daddawa. Wannan yaɗuwar tasa ce ta zame wa irin su jikana matsala, don kusan duk abin da aka ce mai gina jiki ne sai ka iske shi a ciki.

Akwai dalilin da ya sa masu yin yogot ba na madara ba suka fi rungumar sa. Kindirmo yana kamawa ne saboda furotin ɗin madara yana dunƙulewa idan tsami ya shige shi. Na waken suya ma haka yake yi, duk mai awara ta san da zarar ta zuba ruwan tsami ko na tsamiya a tafasasshiyar madarar waken, nan take za ta tsinke ta dunƙule. Aya da kwakwa da hatsi ba su da furotin mai yawa haka. In ka tsamar da ruwansu za su yi tsami, amma ba za su yi kauri ba. Kamfanonin Turai da Amurka da ke sayar da yogot na kwakwa, ko na yazawa, ko na hatsin nan ots da wani kamfanin Suwidin ya yi suna da shi, dabara suke yi: su zuba sitacin rogo, ko sinadarin kauri da ake cirowa daga ɓawon lemo, wasu su ƙara furotin na wani nau'in wake, sannan su sa kalsiyam. Akan ga irin waɗannan robobi jefi-jefi a manyan kantunan Abuja da Legas, amma kuɗin ƙaramar roba guda sai ya yi cefanen gida. Kuma in ka karanta bayanta ka ga kwakwa da sitacin rogo, sai ka tambayi kanka wanne ne babu a ƙasar nan.

Ni a ganina aya ce ta fi cancanta mu fara da ita. Da arewacin Katsina da yankin Maraɗi duk ana noma ta, kuma daga Nijar da Mali da Burkina Faso ake lodin ta zuwa Sifaniya. A can birnin Balansiya, wanda samarinmu suka sani ta wajen ƙwallo kawai, kunun aya abin alfahari ne, shaguna guda ake buɗewa dominsa. Aya ba 'yar itace ba ce, ba kuma dangin wake ba ce, saiwa ce da ke ƙarƙashin ƙasa, don haka ba ta cikin jerin abubuwan da suka fi tayar da borin jini. Tana da zaƙinta, tana da maiƙonta, tana kuma da sitaci. Wannan sitacin shi ne ya sa mu masu kunun aya ba ma tafasa shi, don in ya ji wuta sai ya yi kauri ya koma kamu, shi ya sa kuma yake saurin lalacewa. To abin da ke ɓata kunu shi ne ke gyara yogot.

Ga yadda nake yi, ko wata uwa za ta amfana. Busasshiyar aya nake saya, in tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, in surfa ta, in wanke har ruwan ya fita fes. In jiƙa ta kwana ɗaya, ina sauya ruwa kada ta fara tsami tun a roba. Wajen markaɗe ba na sakin ruwa kamar na kunu: gwangwani biyu na jiƙaƙƙiyar aya, ruwa gwangwani uku. Nakan jefa rabin kwakwa a ciki domin maiƙo da fari. In tace da kyalle mai laushi, in matse sosai. Idan ruwan ya ɗan zauna za ki ga farin gari ya kwanta a ƙasa. Kada ki zubar, shi ne kaurin. Sai in juye duka a tukunya, wuta kaɗan-kaɗan, muciya ba ta tsayawa, domin minti ɗaya na sakaci zai kama ƙasa ya yi ƙauri. Da na ga ya fara naɗe bayan cokali, tururi na tashi yana shirin tafasa, sai in bar shi ɗan lokaci kaɗan in sauke. Dafawar nan aiki biyu take yi, tana kawo kauri, tana kuma kashe ƙwayoyin cutar da suka biyo ƙasa da ruwa da hannu.

Daga nan sai jira. Ƙwayoyin yogot sun fi son zafi tsakanin digiri 40 zuwa 45. Wadda ba ta da ma'aunin zafi ta ɗiga a bayan hannunta: ya zama da ɗumi sosai amma ba ya ƙuna. Sai a zuba iri, wato ƙwayoyin da za su tsamar da shi, a juya, a ɗura a filas ɗin shayi da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, ko a kwalba mai murfi a sa cikin kula a lulluɓe da tawul. Awa takwas zuwa goma sha biyu, ba buɗewa, ba girgizawa. Da zafi yakan kama da wuri, da sanyin hunturun Zariya kuwa sai an ƙara masa haƙuri.

Abin da zai fito ba fari tas ba ne, launin ƙasa-ƙasa ne mai haske, kuma yakan tsatso ruwa a sama, sai an juya. Tsaminsa ma bai kai na kindirmo ba. Ƙwayoyin yogot iri biyu ne ke aiki tare a madara, ɗaya daga cikinsu kuwa ba ta iya cin irin sukarin da ke cikin aya sosai, sai aikin ya faɗa kan ɗayar. Maganin wannan yana tsakar kasuwa: farin garin cikin 'ya'yan kuka, wanda ake kwalba da nono da shi. Cokali ɗaya bayan an gama tsamarwa, tsami ya fito, kauri ya ƙaru. Da ma masu tallan nono sun daɗe da sanin wannan. Haka nake dama wa Maigidana fura da shi, ya zauna cikin 'yan'uwansa da ludayinsa, ba wanda ke kallon ƙwaryar wani. Na yazawa ya fi wannan santsi da fari, kuma ba ya buƙatar tata, amma tsadarsa ta sa sai da Sallah. Abin takaici, yazawar da ake nomawa a Kogi da maƙwabtanta yawancinta ɗanya ake fitar da ita zuwa Indiya da Biyetnam, a can ake fasa ta.

Wurare biyu ne mai yi wa mai borin jini zai iya yin ɓarna bai sani ba. Na farko injin markaɗe. Ku je injin unguwarku da safe ku ga layin bokitai: waken awara, waken ƙosai, gyaɗar kunu, duk bakin inji ɗaya suke bi. Mai inji zai watsa ruwa kwano guda ya ce ya wanke. Wanda ya taɓa ganin an kwance injin nan ya san abin da ke maƙale a tsakanin haƙoransa. Ga lafiyayye ba komai, ga yaron da ɗigo ke tayar wa da bori kuwa, ayar da ta bi bayan waken suya ta zama waken suya. Ni dai na haƙura na sayi ƙaramin injin markaɗe na gida, ba abin da ke shiga cikinsa sai aya da kwakwa da dabino. Wadda ba ta da hali, turmi mai tsabta ya fi mata injin layi, ko da za ta sha wuya.

Na biyu iri. Al'adarmu ita ce a ɗebi cokalin kindirmon jiya a zuba a madarar yau. Ga wanda sukarin madara ne kawai ke damun sa, ko mai son sauyin baki, hakan ya wadatar. Ga mai borin jini kuwa wannan cokalin madarar shanu ce. Abin da nake amfani da shi shi ne garin ƙwayoyin tsami masu rai da ake sayarwa a kafso a manyan kemis, in buɗe in zazzage. Shi ma sai an karanta kwalin, don wasu da madara ko waken suya ake renon ƙwayoyin. In ya kama, ana iya ɗibar iri daga na yau a yi na gobe, amma bayan 'yan zagaye ƙarfinsa na raguwa, sai a sake sabo.

Maganar ajiya gajeriya ce. In akwai firji da wuta, kwana uku zuwa huɗu. In babu, a yi daidai shan yini. Wanda ya fara kumfa, ko warin giya, ko ya sauya launi, ko aka bar shi ya kwana bai yi tsami ba, a zubar, kada a ce asara. A tsibirin Jaba na Indonesiya wani abinci da ake yi da dusar kwakwa da aka bari ta tsima ya sha kashe mutane, har hukuma ta hana yin sa a 1988. Kwakwa mai ɗumi da ba ta yi tsami ba ba abin wasa ba ce.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu tallan irin waɗannan abubuwa a Facebook da WhatsApp, masu cewa yogot ɗin aya ko na kwakwa ya fi nono gina jiki. Bai fi ba, bai ma kamo ƙafarsa ba. A giram 100 na kindirmo akwai furotin kimanin giram uku da rabi da kalsiyam wajen miligiram 120. Na waken suya yana kusa da shi a furotin. Na kwakwa da na aya da ƙyar su kai giram ɗaya, kalsiyam ɗinsu kaɗan ne in ba ƙarawa aka yi ba, bitamin B12 kuwa babu. Na kwakwa kuma maiƙo ne jingim. Abin marmari ne, abin dama fura ne, abin da zai hana yaro jin an ware shi ne, amma ba shi zai gina masa ƙashi da tsoka ba. Wannan aikin ƙwai ne da kifi da nama, da ƙananan kifin nan da ake ci da ƙashinsu, da zogale, da miyar kuka, da riɗi da wake ga wanda suke karɓa. Jariri kuwa ba a ma kawo zancen: wata shida na farko nonon uwa zalla, in akwai larura likita ne zai zaɓi madarar da ta dace. Ko a Amurka likitoci sun sha ba da rahoton yaran da suka kamu da tamowa mai kumbura jiki saboda iyaye sun maye musu madara da ruwan shinkafa na kwali. Mu da tamowa ke zagaye da mu, bai kamata mu buɗe mata wata ƙofa da sunan wayewa ba.

Babban kukana dai yana kan mu masu sana'a. Wata rana uwar jikan nan nawa ta je suna da shi. Aka raba kunun aya a gorunan roba marasa rubutu. Ta tambaya, aka ce mata aya ce da dabino da kwakwa kawai. Ya kurɓa sau biyu. Kafin a gama raba shinkafa leɓensa na ƙasa ya yi suntum, wuyansa ya yi ja, yana susa yana tari. A keke Napep aka kai shi asibiti, Allah ya taƙaita. Da aka koma ga wadda ta yi kunun, cewa ta yi, "Ai 'yar madarar gari ce na barbaɗa don ya yi fari, ko gwangwani ba ta kai ba." Ba mugunta ta yi ba, ba ta san ana tambaya don tsoron rai ba ne, ta ɗauka sirrin sana'arta ake son ji. Haka wasu masu ƙananan yogot na leda suke tsawaita madarar gari da ta waken suya idan kaya sun yi tsada, a jikin ledar kuwa hoton saniya ne kawai.

Ƙa'idar abinci ta duniya da hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, ke kula da ita ta daɗe da cewa a bayyana madara, gyaɗa, ƙwai, kifi, alkama da 'ya'yan itace irin su yazawa a jikin duk abin da aka ƙunshe don sayarwa. Amurka ta ƙara riɗi a nata jerin tun Janairun 2023. Manyan kamfanoninmu suna rubutawa, sai dai da Turanci, da ƙananan baƙaƙen da sai da tabarau. Amma mafi yawan abin da yaranmu ke sha ba daga kamfani yake fitowa ba, daga ɗakin girkin irina yake fitowa. Ni yanzu kowace gora da ta fita daga gidana da 'yar takarda a manne: aya, kwakwa, dabino, citta, ba madara, ba waken suya. Kuɗin buga ta bai taka kara ya karya ba, ciniki kuma bai ragu ba. Ga azumi, lokacin da kowane lungu ke cika da gorunan kunun aya, da shugabannin ƙungiyoyin mata da malaman Islamiyya za su riƙa tunatar da masu yi, da an rage haɗari. In an tambaye ki abin da ke ciki, faɗi duka, har da wanda kika barbaɗa.

Ina kuma roƙon hukumar NAFDAC, idan tana horar da ƙananan masu sana'ar abinci, ta sa wannan darasi a gaba, ta kuma ƙarfafa a riƙa rubuta gargaɗin da Hausa, da boko da ajami. Jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya, ciki har da na nan Zariya, ɗalibansu na sashen abinci suna gwaje-gwaje a kan aya da gero da gujiya, a rubuta kundi a ajiye a kanta. Abin da muke nema a wurinsu ƙarami ne: busasshen iri na tsamarwa wanda ba a rena shi da madara ko waken suya ba, a ƙaramar leda, da kuɗin da mace mai jarin gida za ta iya saya, da kuma ma'aunin kalsiyam da za a iya ƙarawa a lita guda ba tare da an cutar da kowa ba.

Kai kuma, ya Edita, ina roƙon shafinku na lafiya ya gayyato likitan yara da masanin abinci su zauna a kan wannan batu, su bayyana wa iyaye alamomin borin jini da ke buƙatar a garzaya asibiti nan take, da yadda ake gwada ko yaro ya girme wa larurar, tunda da yawansu suna rabuwa da ita kafin su yi nisa a firamare, kuma ba gwajin da uwa za ta yi ita kaɗai a gida ba ne.

Wassalam.

Taku,
Malama mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.